Rajistar hukuma ko bulokcen: wanne ya fi tsare lissafin yuraniyom?

Malam, ka ce kai mutumin Kamba ne, tun kana yaro kake jin labarin manyan motocin da a da suke ɗauko garin yuraniyom daga Arlit ta Nijar, su bi ta Dosso da Gaya su tsallaka Benin zuwa tashar ruwa ta Kwatano, kuma kana son sanin ko fasahar bulokcen, wato rajistar kwamfuta da mutane da yawa ke riƙe da kwafinta a lokaci ɗaya, ta fi tsarin yanzu wajen bin sawun irin wannan kaya.

Tsarin yanzu ya dogara ne a kan rajista da ganin ido. Kowace ma'aikata tana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, hukumar ƙasa ta tattara, sannan ta aika wa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya da ke Biyana. A Najeriya hukumar kula da harkokin nukiliya, wato NNRA, ce ke da wannan alhaki. Jami'an hukumar ta duniya sukan zo da ƙafarsu, su auna kaya, su duba ko an taɓa hatimin ƙarfen da suka ɗaura, kodayake cikakken binciken yakan fara ne bayan an tace garin. A ƙarƙashin wannan sa ido aka kwashe yuraniyom mai ƙarfi daga injin bincike na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya aka mayar da shi Sin a 2018. Matsalarsa ita ce jinkiri, domin sai daga baya ake haɗa rahoton mai aikawa da na mai karɓa a ga ko sun dace.

Shi kuwa bulokcen, ka ɗauka dillalan shinkafa goma ne a Argungu, kowanne riƙe da kwafin littafi ɗaya, kuma kowane shafi yana ɗauke da tambarin shafin da ya gabace shi. Wanda ya kankare adadin buhuna a nasa littafin, sauran tara za su tona shi nan take. A 2020 hukumar kula da nukiliya ta Finlan, tare da Cibiyar Stimson ta Amurka da wata jami'a a Ostireliya, sun gwada irin wannan tsari mai suna SLAFKA, wanda sai masu izini kaɗai ke shiga.

A nan ne nake jan hankalinka. Littafin yana hana sauya abin da aka riga aka rubuta, amma ba ya ganin cikin ganga. Idan mai sikeli ya rage kaya tun a wurin lodi, ya rubuta adadin ƙarya, bulokcen zai adana ƙaryar yadda aka ba shi ita. Akwai kuma batun sirri, wanda ya fi damuna: ranar tashin mota da hanyar da za ta bi bayani ne da bai kamata kwafinsa ya yawaita ba, musamman a yankinmu mai fama da 'yan bindiga.

A ganina bulokcen ya fi a sauri da kuma tona asirin mai kankare rajista, saboda haka ina goyon bayan a ƙara shi a kan tsarin yanzu, muddin jami'in da ke auna gangar ya duba hatiminta yana nan a bakin aikinsa.