Takwas a Bakin Finawa da Bakin Ingiriyawa

A harshen Finlan, takwas ita ce kahdeksan. A Ingiriyanci kuwa, harshen da tsofaffi kaɗan ke yi a ƙauyukan yamma da Sant Fitasbag a Rasha, ana cewa kaheksan. Bambancin kawai harafin "d" ne.

Tushensu ɗaya. Farkon kalmar daga biyu ya fito, wato kaksi ga Finawa, kaks ga Ingiriyawa, kuma ma'anar ita ce goma saura biyu. Haka tara take, yhdeksän da yheksän, goma saura ɗaya. Bahaushe ba zai ji wannan baƙon abu ba, tunda kakanninmu kan ce ashirin biyu babu idan suna nufin 18.

"D" ɗin nan ta Finawa ta littafi ce, ta makaranta da labaran rediyo. A kasuwar Helsinki, babban birnin Finlan, mai sayar da kifi zai ce maka kaheksan, daidai yadda Ingiriyawa ke faɗa, yara kuma su datse ta zuwa kasi. Ni dai ta Ingiriyawa ta fi mini daɗin faɗa, ba ta tsaya wa harshe a tsakiya.