Injin kananzir ko otomatik mai sola, wanne ya dace da mai fara ƙyanƙyasa a Kano?

Salamu alaikum 'yan uwa. Hajiyar da ta ce tana so ta fara ƙyanƙyasar kaji a gidanta nan Hotoro ta riƙa sayar da 'yan tsaki, take tambaya injin kananzir za ta saya ko otomatik mai sola, Hajiya ga abin da na sani.

Dukkansu aikinsu ɗaya ne, su riƙe zafin da ƙwai ke buƙata har kwana 21, digiri 37.5 a injin da ke da fanka, marar fanka kuma ɗan sama da haka. Inda suka bambanta shi ne wa zai yi gadin zafin, ke ko injin.

Na kananzir ya fi sauƙin kuɗi wajen saye, kuma ba ruwansa da ɗauke wuta, amma fa ke ce za ki riƙa ɗaga lagwani kina ragewa, dare da rana idonki na kan ma'aunin zafi, sannan ki juya ƙwai da hannu aƙalla sau uku kullum har zuwa kwana 18, sai kin sa wa kowane ƙwai alama da fensir kar ki rikice wanne kika juya wanne ba ki juya ba. In lagwani ya yi hayaƙi kuma akwai matsala, don ta ɓawon ƙwai tsakon yake shan iska. Ga kananzir ɗin ma yanzu ba na talaka ba ne.

Otomatik shi da kansa yake juya ƙwai, yana da fanka a ciki, yana nuna miki zafi da danshi. Lagonsa wuta ce kawai. Don Allah in za ki saya ki nemi wanda yake karɓar batir mai bolt 12 kai tsaye, kuma batirin ya zama zai iya kwana har sola ta kama da safe, musamman daren hunturu da sanyi ke sa injin jan wuta sosai.

Danshi shi ne abin da ya fi damun mu a Kano. Ana so ya tsaya 50 zuwa 55 cikin ɗari, kwana ukun ƙarshe a kai shi 65 zuwa 70, to da hunturu iskarmu a bushe take ƙayau, sai ki ga tsako ya huda ɓawo da baki yana kuka amma fatar ciki ta bushe ta manne masa ya kasa fitowa, wallahi abin tausayi. A na kananzir kintace ake da kwanon ruwa sai in kin sayi ma'aunin danshi daban. A watan Afrilu kuma zafi kan wuce 40, kuma a cikin injinan biyu ba wanda yake sanyaya ƙwai, sai ki ajiye injin a ɗakin da ya fi sanyi a gidan.

Ni dai in ni ce, ƙaramin otomatik zan saya in fara, in hannu ya faɗa sai a ƙara babba.

Amma Hajiya ki kula da ƙwan da za ki zuba, ƙwan kiret na kasuwa ba zakara a kansa, ba ya ƙyanƙyashewa. Ki nemi inda ake da zakara ɗaya ga kaji kamar goma, ƙwan kar ya wuce sati ɗaya, kar a wanke shi, a jera tsinin yana ƙasa. Ranar kwana 7 ki haska da tocila a duhu, wanda ba ki ga jijiyoyi ba ki cire shi kafin ya zama baragurbi ya fashe ya ɓata sauran. Da damina kina iya zuba ƙwan zabi, shi kwana 26 zuwa 28 yake yi, kar ki haɗa su rana ɗaya da na kaji. Kuma ki tanadi rigakafin Lasota (na cutar kaji ta Newcastle) da na cutar Gumboro wajen likitan dabbobi tun kafin tsakin su fito.