Podkas, rediyon intanet ko kamfanin rarraba waƙa: ina mawaƙi mai zaman kansa zai fara sa kuɗinsa?

Mawaƙin da ba shi da kamfani a bayansa shi ke rubuta baitocinsa, shi ke biyan kuɗin sutudiyo, shi ke sallamar mai kiɗa da 'yan amshi. Kafin waƙa ta fito, abin da ya rage masa na talla bai taka kara ya karya ba. A daidai wannan gaɓar ake yawan tafka asara, domin masu alkawarin sa waƙa a gidajen rediyo barkatai kan riga masu sauraro samun lambar wayarsa. Idan kai ne ke riƙe da 'yan kuɗinka kana lissafin ƙofar da za ka fara ƙwanƙwasawa, ga yadda nake auna hanyoyin. A ganina mafi yawan kuɗin a kan waƙar da takardunta ya kamata su tafi, don sauran ƙofofin sun fi buɗuwa da saƙo mai kyau fiye da kuɗi.

Tun kafin maganar rediyo, ka tambayi kanka: waƙar nan tawa ce duka? Kowace waƙa haƙƙi biyu gare ta. Akwai haƙƙin baiti da kari, na wanda ya tsara su, akwai kuma haƙƙin sautin da aka naɗa a sutudiyo. Idan mai kiɗa ya ba ka kiɗan da ya riga ya sayar wa wasu mutum uku, ko ya ɗauko shi a YouTube, to ba ka mallaki waƙar duka ba, ko da kai ka biya. Ku rubuta 'yar takarda a ranar da aka gama aiki, ta nuna wanda ke da me da kason kowa, ku sa hannu. A Najeriya sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta shigo da abin da ake ɗorawa a intanet cikin kariyarta, amma doka ba ta raba gardamar da ba a rubuta komai a kanta ba.

Dalilin da ya sa na fara da wannan shi ne a nan mawaƙi mai zaman kansa ya fi wanda ke ƙarƙashin babban kamfani dama. Mai podkas, wato shirin murya da ake ɗorawa a intanet, ba kamar gidan rediyo ba ne. Shirinsa ana sauke shi a waya, ana ajiyewa, ana sake saurara, don haka lasisin bai-ɗaya da gidajen rediyo ke biya bai rufe shi ba. Sai ya nemi izinin mai waƙa kai tsaye, na baiti da na sauti. Neman wannan izini a wurin babban kamfani na iya cin watanni da kuɗin da ƙaramin shiri ba shi da su. Kai kuwa da ka mallaki biyun, da saƙo ɗaya za ka amince masa. Shi ya sa masu podkas ke neman irinka.

Sayayyar farko da nake ganin ba makawa ita ce ta kamfanin rarraba waƙa, wato wanda zai kai waƙarka Spotify, Apple Music, Boomplay da sauransu. Wanda ya ji waƙarka a ƙarshen wani shiri zai buɗe Shazam, manhajar da ke gane waƙa daga sautinta, ko ya rubuta sunanka ya nema. In bai same ka ba a wannan minti, ya wuce. Kamfanonin tsari uku suke bi. DistroKid da TuneCore kuɗin shekara suke karɓa, sama da dala 20, ka ɗora waƙoƙi iya son ranka kuma kuɗin sauraro naka ne. Sharaɗin da mutane ba sa karantawa shi ne a DistroKid idan ka daina biya ana iya sauke waƙoƙinka, sai dai in ka biya ƙarin kuɗin dawwamar da su. CD Baby sau ɗaya ake biya kan kowace waƙa ko kundi, ta zauna har abada, amma suna cire kashi 9 cikin 100 na abin da ta samo. RouteNote na da tsarin kyauta, inda suke riƙe kashi 15 cikin 100. Wanda ke fitar da waƙa duk wata, kuɗin shekara ya fi masa. Wanda ke yin biyu ko uku a shekara, kuma ba shi da tabbacin samun dala a kowace shekara, biyan sau ɗaya ko tsarin kaso ya fi masa kwanciyar hankali.

Kafin ka zaɓa, duba yadda kuɗin zai iso hannunka, domin nan ne mutanenmu suka fi shan wuya. Ka tabbatar kamfanin na biya ta hanyar da kake iya karɓa, kamar Payoneer ko asusun banki, kuma katinka na iya biyan dala. Kamfanonin Amurka za su sa ka cike fom ɗin haraji mai suna W-8BEN, kuma tunda babu yarjejeniyar haraji tsakanin Najeriya da Amurka, ana iya cire kashi 30 cikin 100 daga kuɗin da aka samu a can. Haka kuma tun 2024 Spotify ba ta biyan komai kan waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata 12 ba. Saboda haka kada ka ɗauki rarrabawa a matsayin hanyar samun kuɗi a farko. Amfaninta shi ne a same ka idan an neme ka, kuma ka samu lambar ISRC, shaidar da ake gane waƙarka da ita ko'ina. Audiomack kuwa kyauta ake ɗora waƙa a kai kai tsaye, matasan Najeriya na amfani da shi sosai, don haka ba dalilin ƙin buɗe shafi a can.

Podkas hanya biyu yake taimakon mawaƙi, kuma sun bambanta ƙwarai. Ta farko hira ce. Ana zama da kai rabin awa ko fiye, ka faɗi inda ka taso, wanda ya koya maka, abin da ya sa ka rubuta baiti kaza. Masu sauraron Hausa na son irin wannan, kamar yadda karɓuwar shirin Daga Bakin Mai Ita na BBC Hausa da shirin hirar Hadiza Gabon a YouTube ta nuna. Sai dai irin waɗannan manyan shirye-shirye wanda ya riga ya yi suna suka fi gayyata. Sabon mawaƙi ƙananan shirye-shirye zai nema, na ɗalibai, na marubuta, na masu hirar adabi da al'ada, na Hausawan Kumasi, Yamai ko Jidda. Kada ka raina shiri don masu sauraronsa ɗari uku ne. Mutumin da ya ba ka minti arba'in na rayuwarsa yana jin labarinka ya fi dubu da suka ji daƙiƙa goma na amshinka suka wuce, shi ne zai kira ka biki, shi ne zai tura wa 'yan uwansa.

Hanya ta biyu ita ce a yi amfani da waƙarka a matsayin taken shiri ko kiɗan da ke ƙarƙashin magana. Wannan ta fi daɗewa tana aiki, tunda kowane mako ana sake jin ka. Idan za ka ba da izini kyauta, ka rubuta sharuɗɗa: a ambaci sunanka da baki, a sa mahaɗin waƙar a bayanin shirin, izinin na wannan shirin ne kaɗai, na tsawon lokaci kaza, kuma kana da damar ba wa wasu. Idan shirin na da masu talla, ka nemi a biya ka, ba abin kunya ba ne. Sannan ka roƙi mai kiɗa ya ba ka kiɗan zalla babu murya, saboda shi masu podkas suka fi buƙata. Akwai wani tarko da ya kamata ka sani. Kamfanonin rarrabawa kan tallata maka Content ID na YouTube, tsarin da ke farautar waƙarka a bidiyon mutane ya karkato kuɗin talla zuwa gare ka. Yana da amfani, amma ba ya bambance ɓarawo da wanda ka ba izini. Mai podkas da ya sa waƙarka don alheri zai wayi gari an kama masa bidiyo. Ka tambayi kamfanin ko suna barin a keɓe wasu tashoshi kafin ka kunna shi. In kuma kiɗan ba naka ne kai kaɗai ba, kada ka kunna shi sam.

Rediyon intanet ma iri biyu ne. Akwai gidajen FM da muka sani waɗanda ke watsa shirinsu a intanet, kamar Freedom Radio ta Kano da ta fara aiki a 2003. Ana kama irinsu ta manhajoji kamar TuneIn da Radio Garden, kuma 'yan ƙasa mazauna waje na sauraron su don jin gida. Shiga nan ta hannun mai gabatar da shiri ake yi. Idan gidan na da farashin talla a rubuce, ka biya a ofis ka karɓi rasit, a gaya maka sau nawa za a sa waƙar da ƙarfe nawa. Kuɗin da aka danƙa wa mutum a bayan fage ba ka da bakin tambayar sa. A Kano kuma ka tuna da Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, wadda ke da hurumi kan mawaƙa, ka san ƙa'idarta kafin ka kai waƙa gidan rediyo.

Iri na biyu tashoshi ne da a intanet kawai suke. Dandali kamar Zeno.FM ya sauƙaƙa wa kowa buɗe tasha, wannan alheri ne, amma yana nufin akwai tashoshin da mai su kaɗai ke sauraro. Kafin ka biya ko sisi, ka saurari tashar kwana biyu. Akwai mutum mai magana, ko waƙoƙi ne kawai ke bin juna? Ana faɗin sunan mawaƙi? Masu sauraro na aiko da saƙo? Tashar da ba ta faɗin suna ba ta ƙara maka komai. A ɗaya ɓangaren akwai tashoshin waje da masu zaɓen waƙa na gaske ke gudanarwa, irin NTS ta Landan da aka kafa a 2011, da KEXP ta Seattle, wadda FM ce amma duniya ta fi sanin ta a intanet. Waɗannan ba a sayen gurbi a cikinsu. Mdou Moctar, makaɗin jita Buzu daga Nijar, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori, har wani ƙaramin kamfani na Amurka, Sahel Sounds, ya ji su ya neme shi. Daga baya ya yi wasa a KEXP. Abin lura a labarinsa shi ne bai sauya harshe don Turawa su gane ba. Abin da irin waɗannan tashoshi ke nema shi ne sautin da ba su da shi, kalangu, gurmi, goge, muryar Hausa. Idan ana sa waƙarka a rediyon intanet na Amurka, ka yi rajista da SoundExchange, kyauta ne, su ke tara kuɗin irin wannan sauraro. A gida masu tara wa mawaƙa kuɗin haƙƙinsu akwai MCSN a Najeriya, BNDA a Nijar, GHAMRO a Gana.

Sai kamfanonin da ke karɓar kuɗi su miƙa waƙarka ga masu rediyo, masu podkas da masu jera waƙoƙi. SubmitHub da Groover ne suka fi suna. A Groover, kamfanin Faransa, yuro 2 ake biya kan kowane mutum da ka aika wa, in bai amsa cikin kwana 7 ba a mayar maka da damar ka aika wa wani. Ka fahimci abin da kake saye: saurara da amsa ne, ba alkawarin sa waƙa ba. Mafi yawan masu zaɓen ba sa jin Hausa, don haka in za ka gwada, ka tace su, ka ɗauki 'yan kaɗan da tarihinsu ya nuna suna sa waƙoƙin Afirka na harsunan gida. Ni a ƙarshen layi nake ajiye wannan hanya. Wadda kuwa ba na ajiyewa ko'ina ita ce ta masu sayar da adadin sauraro. Na'ura ce ke saurare, ba mutum ba. Spotify na cin tarar kamfanonin rarrabawa kan irin wannan tun 2024, su kuma su juyo kanka, ko su sauke waƙar, ko su rufe asusun. Alhali ita Spotify ɗin tana barin ka miƙa sabuwar waƙa ga editocinta kyauta ta shafin Spotify for Artists, muddin ka yi haka aƙalla kwana 7 kafin ranar fitowa.

Wasu kan ce to me zai hana mawaƙi buɗe nasa podkas ɗin, tunda ɗorawa kyauta ne a Spotify da YouTube. Yana yiwuwa, amma aiki ne na kowane mako, kuma waɗanda suka riga suka san ka ne za su zo. Wanda ke neman sababbin kunnuwa, shiga shirin wasu ya fi masa.

Duk hanyar da ka ɗauka, kayan aikawa ɗaya ne, kuma a nan nake so ka kashe abin da ya rage. Ka karɓi waƙar daga sutudiyo a tsarin WAV, wato sautin da ba a matse ba, don kamfanin rarrabawa, da MP3 mai ingancin 320kbps don masu rediyo. Wadda ta yi yawo a WhatsApp an riga an matse ta, mai kunne zai ji. Ka sa a yanka maka gajeriya ta minti uku zuwa huɗu, a cire doguwar jinjina ga iyayen gida da ke farko, a bar cikakkiyar don biki da masoya. Ka tanadi hoto mai tsabta, da 'yan layuka kan ko kai wane ne, da fassarar ma'anar waƙar a Turanci ko Faransanci idan waje za ta. Saƙon da za ka tura ya zama gajere, ka yi sallama, ka ambaci wani shiri nasu da ka saurara da gaske, ka sa mahaɗi maimakon lodin fayil, ka faɗa a fili cewa kai ke da haƙƙin baiti da na sauti kuma ka ba da izinin sawa. In mako biyu ya wuce shiru, ka tuna masa sau ɗaya, sannan ka matsa ga na gaba.