Kafin ka sayi ƙaramar Commodore, fara danna maɓallanta

THEC64 Mini da kamfanin Retro Games ya fitar a 2018 abar sha'awa ce. Rabin girman tsohuwar kwamfutar gida Commodore 64 ta 1982 ce, da wasanni 64 a cikinta, kuma wayar HDMI kawai za ka soka a talabijin. Sai dai kibod ɗin da ke samanta kwalliya ce zalla, ko maɓalli ɗaya ba ya dannuwa. Haka THEA500 Mini ta 2022 mai kwaikwayon kwamfutar Amiga take. Idan wasan tsalle-tsalle kawai za ka yi da hannun gem, babu damuwa. Amma ranar da ka so rubuta BASIC, yaren da ake ba kwamfutar umarni da shi, ko wasa ya nemi ka danna F1, sai dai ka riƙa tsintar haruffa ɗaya bayan ɗaya a kibod ɗin da ke fitowa a fuskar talabijin.

Mafita mai araha ita ce kibod na USB mai waya, irin wanda ke jibge a Beirut Road ta Kano. Yana aiki, amma ramin USB biyu ne kacal a jikin THEC64 Mini ɗin. Hannun gem ya cinye ɗaya, kibod ya cinye ɗaya, filas ɗin wasanninka ya rasa wurin zama, dole ka ƙaro mai raba rami. Sannan babu maɓallan Commodore na RUN/STOP ko RESTORE a rubuce a kibod ɗin zamani, sai ka haddace wanda ke tsaya musu.

Ni dai THEC64 babba nake so, wadda ta fito a ƙarshen 2019. Girmanta daidai da ta asali, kuma duk maɓallanta suna aiki. Alamomin zanen nan da ake haɗa akwati da layi da su suna nan a jikin maɓallan. Shift da 2 ne ke ba da alamar zance kamar yadda aka saba, don haka LOAD "*",8,1, umarnin ɗora wasa, yana fita daga yatsu ba tare da lalube ba. Tana kuma iya tashi a matsayin VIC-20, kwamfutar Commodore da ta gabaci C64. Yaron da ka ɗora a gabanta ya rubuta 10 PRINT da 20 GOTO 10, ya ga sunansa ya cika talabijin, da wuya ya tashi cin tuwo da wuri. Ta fi tsada, kuma galibi sai an yi maka oda daga waje, amma kuɗin ya tafi inda ya dace. A rufe ta da ƙyalle lokacin hunturu, ƙurar Kano ba ta raga wa maɓalli.

The Spectrum ta 2024 mai maɓallan roba tana da kyau ga wanda ya san tsohuwar kwamfutar ZX Spectrum ta kamfanin Sinclair. Kibod ɗin 8BitDo mai kalar C64 kuwa kala ce kawai, tsarinsa na kwamfutar zamani ne. Ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi 400 da manhajar VICE mai kwaikwayon Commodore sai mai haƙurin saiti. Ƙananan kibod marasa waya na akwatin talabijin, waɗanda ake danna su da babban yatsa, kada ma ka fara.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Akwai masu talla a intanet da ke ɗora hoton Mini an ɗauko shi kusa-kusa har ya yi kama da babbar, su rubuta "da kibod". An taɓa aiko min da irin wannan, da na kira mai kayan sai ya ce, "Yallaɓai, ai kibod ɗin yana nan, ban ce yana aiki ba." Tun daga nan ba na tura ko sisi sai na ga bidiyo ana danna maɓalli, harafi yana fitowa a talabijin, hannun mutum a kai don in ga girman na'urar.

Akwai kuma 'yan sandunan HDMI da ake cewa suna da dubban wasanni. Ba Commodore ba ce, kuma da yawan wasannin maimaici ne da aka sauya wa suna. Filas ma a kula, na jabu yana nuna girman da ba shi da shi, sai ka zuba fayil ya lalace. Cika shi taf a gaban mai shago ka buɗe fayilolin, sannan ka yi masa fomat zuwa tsarin FAT32, don shi na'urar ke karantawa. Mini ba ta zuwa da kan caja a kwali, saboda haka wanda ya haɗa maka da wani mara nauyi ya ce na kamfani ne, ƙarya yake. Nemi mai kyau mai ba da volt 5, ko ka jona ta da pawa bank, don ko an ɗauke wuta na'urar ba za ta mutu da abin da kake rubutawa ba.