Ƙwayoyin Gulukosamin da Kondiroitin: Abin da Na Gani Bayan Wata Huɗu

Tun da ciwon gwiwa ya sa mahaifiyata ta koma yin sallah a zaune, na sayo mata waɗannan ƙwayoyi a wani kantin magani, domin an rubuta a jikin kwalbar cewa suna gina guringuntsi. Ta sha su wata huɗu ba fashi. Ba su dame mata ciki ba, sai dai suna da girma, haɗiyarsu na yi wa tsoho wuya, kuma kuɗinsu ba kaɗan ba ne.

Wannan alƙawari na jikin kwalba shi ne abin da ya fi damuna. Lafiyayyen guringuntsi na gwiwa kaurinsa bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba, kuma kashi 65 zuwa 80 cikin ɗari nasa ruwa ne, shi ya sa yake da santsi, yake kuma ɗaukar nauyin jiki ba tare da ƙashi ya gogi ƙashi ba. Ba shi da jijiyar jini ko ɗaya. Abincinsa daga ruwan cikin gaɓa yake samu, kamar soso, idan an taka ya matse, idan an ɗaga ƙafa ya sake tsotsa. Saboda haka idan ya zaizaye da wuya ya farfaɗo, kuma motsi ne ke ciyar da shi.

Binciken GAIT da aka gudanar a Amurka kan mutum 1,583, wanda aka wallafa a 2006, ya nuna cewa a jimlace ƙwayoyin ba su fi ƙwayar da ba magani a cikinta rage ciwo ba. Haka muka gani a gida. Sauƙin da Hajiya ta samu ya zo ne bayan likitan gashi ya ɗora ta kan atisayen ƙarfafa naman cinya da ɗan tattaki bayan la'asar.

Kwalbar da na saya ba ta faɗi tushen sinadaranta ba, kuma wannan babban giɓi ne ga Musulmi, tunda ana ciro kondiroitin daga guringuntsin shanu, ko alade, ko kifin shak, gulukosamin kuwa galibi daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa. Mai shan maganin tsinka jini na wafarin ya tuntuɓi likita kafin ya taɓa su. Ni dai ban sake saye ba, kuɗin na mayar da su wajen gashi.