Murjani ko tudun yashi: ina za ki fi jin daɗin wunin?

'Yar'uwa, kin ce masu jirgin suna tsayawa a kan murjani, wato halittun nan masu kama da duwatsu a ƙarƙashin ruwa, da kuma tudun yashi na tsakiyar teku, ba ki iya iyo sosai ba, kina tambayar inda ya kamata ki shiga ruwa.

A kan murjani kallo yake. Kin sa tabarau na shiga ruwa, kin ciji bututun numfashi, kin kifa fuska, sai ga gari guda a ƙarƙashinki: kifaye garke-garke, wani lokaci har da kunkurun teku yana kiwo abinsa. Murjani bai rufe ko kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku suna rayuwa a jikinsa. Matsalarsa gare ki guda ce, babu wurin tsayawa. Abin da kike gani kamar dutse mai rai ne, ƙananan dabbobi ne suka gina shi, wani nau'in ma da kyar yake ƙara santimita 1 a shekara. Kin taka, kin karya aikin shekaru, shi kuma ya yanke ki, kuma yankansa ba ya saurin warkewa. Jirgin ma yakan tsaya ne a ruwan da ya fi ƙarfin tsayinki, ga jan ruwa da ke tafiya da mutum bai sani ba yana can yana kallon kifi. Don haka rigar ceto dole ce, kuma ki riƙa ɗaga kai kina duba inda jirgi yake.

Tudun yashi kuwa ƙafarki na ƙasa, ruwa iya gwiwa ko ƙugu. Kifi kaɗan ne, gaskiya. Amma nan ake koyon abin: yadda ake shaƙar iska ta baki, yadda ake furzar da ruwa idan ya shiga bututu, da dabarar shafa yawu a cikin gilashin tabarau a ɗauraye don kada ya yi hazo. Farin yashin nan ma da alaƙa da murjani, domin kifi mai baki irin na aku yana gaigayar murjanin ya fitar da shi gari. Ki saurara a cikin ruwa, za ki ji ƙarar gaigayar tasa.

Sai dai kada sauƙinsa ya ruɗe ki. Babu inuwa ko ta tsinke, rana na dukan ki daga sama tana dawowa daga yashi. Kuma aron wuri ne: irin Nakupenda na Zanzibar yakan fito idan teku ya janye, ya nutse idan ya ciko. Ki riƙa jan ƙafa a yashi maimakon ɗagawa, saboda kifin nan mai faɗi kamar faifai, mai ƙaya a wutsiya, yakan binne kansa a ciki.

Ni dai da ni ce, in cikar teku ta ba da dama, zan roƙi mai jirgi a fara da tudun yashi, in yi rabin awa ina sabawa da bututun, sannan a wuce murjani. In ya ce sai an fara da murjani, ki gaya masa tun a gaɓa cewa ba ki iya iyo ba, ya haɗa ki da mai riƙe da tayar ceto, ki kama ta yana jan ki. Ki sa riga mai dogon hannu, bayan wuya da bayan ƙafafu ne rana ke fara ƙonawa.