Digirin tsaron intanet ko na kimiyyar kwamfuta: abin dubawa kafin a cike fom

Duk wanda ya gama sakandare yana sha'awar aikin kare kwamfutoci daga masu kutse zai tarar da hanyoyi uku a gabansa: digirin tsaron intanet kai tsaye, ko digirin kimiyyar kwamfuta mai darussan tsaro a shekarun ƙarshe, ko gajerun kwasa-kwasan da ke ƙarewa da takardar shaida. Ni dai ta biyun nake nuna wa duk wanda ya nemi shawarata.

Dalilina kuwa shi ne, mutum ba ya iya tsare abin da bai san yadda aka gina shi ba. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta yakan shafe shekarunsa na farko yana rubuta manhaja da harsunan kwamfuta na C da Python, yana koyon yadda Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ke raba ma'adanar kwamfuta tsakanin manhajoji, da yadda saƙo ke tafiya a kan TCP/IP, wato ƙa'idojin aika saƙo a intanet, da lissafin da ake ɓoye bayanai da shi. Amfanin wannan tushe ya fito fili a 2014, lokacin da aka gano ɓarakar Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da shafukan intanet da yawa ke ɓoye bayanai da ita. Manhajar ba ta tantance tsawon saƙon da aka ce an aiko mata, sai ta mayar da amsa haɗe da abin da ke ajiye a gefensa a ma'adanar kwamfuta, wanda kan iya ƙunsar kalmomin sirrin mutane. Wanda ya taɓa rubuta C da hannunsa yana duba layukan manhajar zai gane inda gizo ke saƙa, amma wanda danna kayan aiki kawai aka koya masa dole ya jira wani ya warware masa.

Digirin tsaron intanet yana da kyau idan a kan wannan tushe aka ɗora shi, har ma yakan ƙara da binciken shaidar da ke cikin na'urori da sanin doka. Gajeren kwas irin na Security+, wato takardar shaidar matakin farko a fannin tsaro, ƙari ne a kan digiri, ba ya maye gurbinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne suna ba tare da aiki ba, domin ya taɓa cina. Na yi zango biyu a wata makaranta da tallanta ya nuna ɗaki cike da na'urori, amma har na bar ta ban taɓa buɗe Wireshark, manhajar duba saƙonnin da ke yawo tsakanin kwamfutoci, na ga saƙo ɗaya yana wucewa ba. Hadda muke yi, mu zuba a takardar jarrabawa. Saboda haka ka je da ƙafarka ka ga ɗakin gwaje-gwajen, ka tambayi ɗaliban shekarar ƙarshe ko sun taɓa gwada Nmap, manhajar gano buɗaɗɗun kafofin shiga kwamfuta, a kan kwamfutocin da aka ware domin koyo, sannan ka karɓi jerin darussan ka ƙirga nawa ne na rubuta manhaja. Ka kuma tabbatar da amincewar hukumar da ke tantance jami'o'i daga shafinta na kanta, kada ka dogara da tambarin da aka manna a talla.

'Yan damfara sun yi yawa a wannan fanni. Akwai masu alƙawarin takardar CISSP, wato shaidar ƙwarewa ta gogaggun ma'aikatan tsaro, ga sabon ɗalibi, alhali ƙungiyar ISC2 mai bayar da takardar tana neman shekara biyar ta aiki kafin ta ba da ita, digiri kuma shekara ɗaya kaɗai yake ragewa. Akwai masu sayar da tambayoyin jarrabawa na sata, waɗanda kan jawo a soke takardar mutum idan asiri ya tonu. Mafi muni su ne masu koyar da kutse ta hanyar sa ɗalibi ya shiga shafin Facebook na wani ba da izininsa ba. Wannan laifi ne da ake gurfanar da mutum a kotu a kansa, kuma ma'aikatun tsaro sukan binciki tarihin mai neman aiki kafin su damƙa masa makullan na'urorinsu.